Na Yi Musun Tsohuwar da Ta Shigar da Ni Addinin Yahudawa

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata ashirin da shida na sauka London, a tsakiyar shekarun tamanin, nas daga wani ƙauye kusa da Kafanchan. Gidanmu Kiristoci ne, mahaifiyata ce ma shugabar zumuntar mata a cocinmu. Na samu aiki a wani asibiti, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ni ɗan flat a Tottenham. Daga shift sai ɗaki. Cocin da 'yan garinmu ke zuwa yana can Peckham, nisa da gajiya suka sa na daina zuwa, ban kuma gaya wa kowa ba.

A ɗakin jinyarmu aka kwantar da wata tsohuwa Bayahudiya da ta karye a ƙugu. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, danginta kuwa sun ƙare a yaƙin duniya na biyu. Wata safiya na ji tana karatu ƙasa-ƙasa, na tambaye ta, ta fassara mini. Ashe wata addu'a ce da na haddace a bakin mahaifiyata tun ina yarinya, ita da Ibrananci, ni da Hausa. Da aka sallame ta sai ta gayyace ni cin abincin yammacin Juma'a. Ta kunna kyandir biyu, ta rufe fuska da hannu, gidan ya yi tsit, ba rediyo ba waya har Asabar ta wuce. Tun zuwana ƙasar ban taɓa samun natsuwa irin wannan ba. Na ci gaba da zuwa, ina kiranta Kaka.

Da na ce mata ina son shiga addininsu, ita ce ta fara hana ni. Ta ce nauyi ne, kuma su ba sa neman kowa ya shigo. Malaminsu ma ya yi ta mayar da ni. Na nace. Shekara huɗu ina koyon Ibrananci, da raba tukwanen nama da na madara, har na zauna gidan Kaka wata da watanni don in ga yadda ake yi. Ranar da na zauna gaban malamai uku, babbansu ya tambaye ni ko mahaifiyata ta sani. Na ce ta sani, har ta sa albarka. Ƙarya na yi. A kaset ɗin da nake aika mata gida, cewa nake yi ina zuwa coci duk Lahadi. Aka yi mini wankan tsarki, aka raɗa mini sabon suna, wanda Kaka ce ta zaɓa, sunan ƙanwarta da ta mutu a yaƙin. Ran nan ta yi kuka har muryarta ta dushe.

A farkon shekarun casa'in Mama ta zo a yi mata aikin yanar ido. Kafin jirginta ya sauka na cire ɗan kwanson addu'a da ke jikin ƙofata, na haɗa da mazaunin kyandir da littattafai, na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Kaka kuwa na ce mata an ƙara mini shift, ba za ta gan ni ba sai bayan sati shida. Ranar Asabar, da sabon addinina ya hana aiki, na yi girki, na hau bas. Ranar Lahadi na kai Mama coci a Peckham, muka biya kasuwar Rye Lane muka sayo doya da daddawa.

Wata Alhamis da rana, bayan an kwance wa Mama bandeji, muna tsaye muna jiran bas, sai na ji an kira ni da sabon sunana, da ƙarfi, cikin murna. Kaka ce, da sandarta da kwandon cefane. Da ta ga Mama sai ta kama hannuwanta biyu, tana gode mata da Turanci cewa ta ba ta 'ya da zuciya ɗaya. Mama ba ta jin Turanci, ta juyo ta tambaye ni me matar ke cewa. Na ce mata wata ce da na taɓa jinya, tsufa ya rikita ta, tana ɗaukata wata daban. Sannan na dubi Kaka, na sa muryar da nake yi wa marasa lafiya magana da ita, na kira ta madam, na ce mata da Turanci ta kula da hanya. Ba ta jin Hausa, amma ta ji wannan. Ta saki hannun Mama a hankali, ta ce mu yi haƙuri ta dame mu, ta ja kwandonta ta tafi.

Muka isa gida. Na zuba mata tuwo, ta ture kwanon. Ta ce, “Ke, ido aka gyara mini, ba hankali ba. Matar nan ba ruɗaɗɗiya ba ce, kallon uwa ta yi miki.” Ta ce tun satin farko ta ga kwalin tana shara, jira take in faɗa da bakina. Barin cocin ya yi mata ciwo, kuma za ta kai kukanta gaban Allah, amma ita ba ta haifi 'yar da za ta ci abincin mutum sannan ta ce ba ta san shi ba a gaban jama'a. Washegari ta ɗaura zaninta mafi kyau, ta ce in wuce gaba mu je.

Kaka ta buɗe mana ƙofa. Na durƙusa ina fassara tsakaninsu, kuma dole na fassara laifina da bakina sau biyu, da Hausa da Turanci. Kaka ta yi tambaya ɗaya, ko Mama ta sani ranar da na amsa wa malamai. Na ce a'a. Ta ce to in koma in faɗa musu da kaina, na kuwa je. Babbansu ya ce laifin da aka yi wa mutum, wajen mutumin ake fara neman gafara. Kaka ta yafe mini, ta ci gaba da ajiye mini kujera duk Juma'a har shekara biyu da ta ƙara a duniya. Amma ba ta sake kirana da sunan ƙanwarta ba. Sunana na gida take kira, cikin ladabi, kamar baƙuwa. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar roƙonta ta mayar mini da shi ba.

Har yau ina kan addinin da na zaɓa, Mama kuma ta rasu tana kan nata, tana yi mini addu'a. Ba sauya addini ne ya ba ni kunya ba. Tsoro ne, wanda ya sa na yaudari mata biyu da suka fi kowa ƙaunata, ina ce wa kaina kare su nake yi, alhali kaina nake karewa. Duk wanda zuciyarsa ta kai shi wata hanya, ya fara zama gaban iyayensa ya faɗa, ya jure kukansu. Kukan zai wuce. Ni na guje wa kukan rana ɗaya, ga shi na tsufa ina ganin bayan wata tsohuwa tana jan kwando a bakin titi, ba ta ko waiwayo ba.