Kwanon Lorna Haugen

Lorna Haugen ba ta iya zama wuri ɗaya. Tun muna yara a ƙauyenmu na arewacin Minnesota haka take, da mijinta ya rasu kuwa sai abin ya ƙaru. Direbar bas ɗin 'yan makaranta ce, ni kuma bakanike a garejinsu. Wanda ya koya mata tuƙi shi ne Vern Tollefson, dattijon direban da ya kai rabin garin nan makaranta, iyaye da 'ya'yansu, kuma bai daina ba. Har gobe "yarinya" yake ce mata, ga ta da jikoki.

Dokar aikinsu ce, bas in ya zo layin dogo sai ya tsaya cak, direba ya buɗe ƙofa ya saurara, ko da jirgi ko babu. Vern ne ya dasa mata wannan a ka. Ran nan tana bin bayansa sai ta ga ya haye layin ko birki bai taɓa ba. Ba a jima ba ya sake. Cikin yaran da yake ɗauka har da jikarta Britta.

Ta shigo gareji tana kai da kawowa kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai. Ta ɗauki sifana ta ajiye, ta zuba kofi ta bar shi ya huce.

Da ta ba ni labari na ce, "Ki gaya wa shugabanku mana."

"In kai ƙarar Vern? Kai ma dai, Duane! Mutumin da ya kama makarar mijina?"

"To ki gaya masa shi."

"Ai nan gizo ke saƙar."

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Ko gidanka ke ci da wuta, maƙwabci sai ya fara tambayarka ya sanyin bana. Magana mai nauyi ba ma yin ta a zaune, sai an yi sallama, an sa rigar sanyi, hannu na kan ƙofa.

Ranar Asabar ta gasa dankali da nama a kwanonta, ta ja ni rakiya gidan Vern. Aka yi hirar ƙanƙara, da kifin tafki, da ciwon gwiwar matarsa Arlys. Ƙafar Lorna sai rawa take ƙarƙashin tebur. Ta ce, "To, bari mu gudu," ta koma ta zauna. Sai da muka kai bakin ƙofa ta yi ta maza.

"Tsoho."

"Yarinya, sanyi na shigowa. Ko ciki ko waje."

"Ka haye layin dogo ba ka tsaya ba. Ba sau ɗaya ba. Da idona na gani."

Ya yi dariya. "Ni? Ni da na koya miki?"

"Kai ɗin."

"Yaushe?"

Da ta faɗi ranakun, dariyar ta ɗauke. Ya dubi matarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ashe ta daɗe tana ganin mantuwar a gida. Ban taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

Ya ce, "Britta na cikin bas ɗin a lokacin?"

"Tana ciki."

Ya rufe ƙofa, ko sai anjima babu.

Lahadi a coci ko kallonta bai yi ba. Litinin da safe ta riga kowa zuwa gareji, ta leƙa titi ta dawo, ta leƙa ta dawo. In ya zo ya hau bas, ba makawa sai ta kai ƙararsa, zumuncin ya mutu ke nan.

Sai ga motarsa, Arlys ce ke tuƙi. Ya fito riƙe da kwanon a lulluɓe da tawul. A wurinmu ba a mayar da kwano wofi, ko biskit ne sai an saka.

"Gishiri ya yi yawa, yarinya," in ji shi. Ya miƙa mata ya juya.

Ta ɗaga tawul ɗin. Makullin bas ɗinsa ne a ciki. Lorna ta zauna a kan bencina da kwanon a cinya, ba ta motsa ba har motar ta sha kwana.