Fuskar da ta fito a sikirin ɗin Alhaji Mudi

Ku da kuke koyon gyaran waya a hannuna, kun sha jin ina faɗa idan kuka sayi matacciyar waya ba ku tambayi inda ta fito ba. Ba baƙin hali ba ne. Har gobe ban manta da wata Laraba ba, cikin daminar da ta gabaci zuwanku, ina rumfata ta bakin titin jirgin ƙasa a Agege.

Alhaji Mudi, dillalin shanu a abbatuwa, wato mayanka, ya zo da wayarsa sikirin ya tarwatse. Irin wayar nan ce da ake kwancewa da sukudireba. Batir, kyamara, sikirin, kowanne da kansa yake fita, ba sai ka gasa ta da hita kana kankare gam kamar sauran ba. Masu yin ta sun zaɓi sauƙin gyara, suka haƙura da kauri da nauyi, kuma ba ta jure ruwa kamar mai gam. Ɗansa da ke karatu a Turai ne ya aiko da guda biyu, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta ƙanen Alhaji, Lawali ɗan okada.

Shi Lawalin duk unguwa an san zancensa. Ranar wani ruwa mai ƙarfi ya fita aiki bai dawo ba. An duba asibitoci, an je wurin 'yan sanda, shiru. Matarsa Hadiza na zaune da 'ya'ya wata da watanni, ba ta san ko ta jira miji ko ta shiga takaba ba.

Matsalar wayar ita ce kayanta babu su a Legas. Na kewaye kasuwar waya ta Ikeja har ƙafata ta yi tsami, kowa sai ya juya ta ya ce bai taɓa gani ba. Ana haka sai ga Bala ɗan gwangwan da buhun matattun wayoyi, kamar yadda ya saba kawo mana. Ina zubewa na ga irinta, cikin jakar leda ta 'yan okada. Ruwa ya cinye injin, amma sikirin bai ko tsage ba. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na wanke, na busar, na aika a kira Alhaji.

A gabansa na ɗaura. Na kunna, na buɗe farin shafi don duba tabo, kamar yadda na koya muku. A kan farin nan sai ga wata inuwa. Na sa tsumma na goge, tana nan. Na ƙara haske, sai ta fito sosai: tsohuwa da lulluɓi, da zane a kumatu, tana kallonmu. Rana tsaka, motocin danfo na ta hon, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Alhaji ya karɓa ya ƙura wa inuwar ido.

"Malam Isa, wannan Inna ce. Mahaifiyarmu. Ta daɗe da rasuwa, kuma ni ban taɓa sa hotonta a wayata ba."

Na san bayanin abin. Irin wannan sikirin, idan hoto ɗaya ya daɗe a kansa da haske mai ƙarfi, yakan ƙone ya bar sawu har abada. Na faɗa masa haka.

Ya ce, "Lawali ne ke ɗaure tasa a kan babur, hotonta a kunne tun safe har yamma. Ina ka samo?"

Na ce daga buhun gwangwan ne. Na tura aka nemo Bala. Da farko ya tsorata, yana ta rantsuwa ba sata ya yi ba. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, nuna mini wurin kawai."

Muka bi shi har babbar magudanar ruwa, inda aka yashe laka aka tara a gefe. Bala ya ce a nan ya tono wayar, ɗaure a jikin wani lanƙwasasshen kan babur. Sauran ƙarfen na nan a tarin kayansa, da lambar babur ɗin. Alhaji ya karanta lambar, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa ya yi salati.

Aka sanar da hukuma, malamai suka zauna suka yanke cewa Lawali ya rasu, Hadiza ta shiga takaba. Na ce zan cire sikirin in nemo wani ko daga ina ne. Alhaji ya ce in bar shi. Ya kai wa Hadiza wayar, ya ce ita ce abin da ya rage.

Da mai gam ce, ƙila ruwa bai shige ta ba, amma Bala zai fasa ta don ƙarfe, ba wanda zai ji labari. Wannan ta mutu, gaɓarta ta tashi a jikin 'yar'uwarta. Duk kayan da kuka ciro daga buhu, hannun wani ya riƙe shi, kuma watakila akwai mai jiran sa a gida. Ku tambaya kafin ku ɗaura.