Corliss Dahl da Munduwar Inez

Tun kafin a share ƙanƙarar titi da safe, Corliss Dahl ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan asibiti, da kofi a hannu. Abin da take fara yi shi ne ta tambayi 'yan motar asibiti wane ne zuciyarsa ta tsaya jiya, wa ya tashi, wa bai tashi ba. Daga nan sai ta nemi dangin waɗanda suka faɗi. Nas ce, tana cikin masu binciken yadda za a dawo da zuciyar da ta tsaya. Watan nan za ta yi ritaya. Ni kuma Verna, ta hawa na uku a gidan tsofaffinmu na St. Paul, na ce kafin su sallame ta da kek sai na faɗi abin da na sani. Na kuwa san da yawa, don ƙofata tana kallon lif.

Ranar da ta fara zuwa wurinmu, ta tare mu a ɗakin cin abinci kafin wasan bingo. Ta ce idan mutum ya faɗi, aka girgiza shi da lantarki zuciyar ta ƙi tashi, akwai hanya biyu: a ci gaba da danna ƙirji a inda ya faɗi, ko a ruga da shi asibiti a haɗa shi da injin da zai yi masa aikin zuciya da huhu. Ta ce ba su san wadda ta fi ba, shi ya sa ƙuri'a ke zaɓa. Wanda ya suma ba ya iya cewa na yarda, don haka duk wanda ba ya so a sa shi a binciken, sai ya ɗaura wata munduwar roba, a yi masa yadda aka saba.

Orville Sundby, tsohon direban bas, ya ce shi ba zakaran gwajin dafi ba ne. Corliss ba ta yi masa musu ba, ita ce ma ta ɗaura masa munduwar da hannunta.

Amma Inez Rudquist, wadda kunnenta ɗaya ne ke aiki, shi ma sai ya ga dama, ta ji "munduwa", ta ji "sabon inji", sai ta haɗa su aure. Ta bi gida tana raɗa wa mutane cewa mai munduwa ne kawai za a kai wa injin, kuma saura kaɗan. Mu kuwa a gidan nan, ko gishirin kanti aka ce kyauta ne sai mun cika jaka. Kafin mako ya zagayo, rabin gida sun yi waya an aiko musu.

Da wata nas ce, da ta aika ta manta. Amma ke, Corliss, ke ce kika tsaya kika ce, gida ɗaya, masu ƙi da yawa haka? Ke ce kika dawo ranar hutunki, kika bi ƙofa ƙofa kina tambayar kowa me yake zaton abin hannunsa yake cewa. Wanda ya ƙi da saninsa kika bar masa, wanda ya ruɗe kika warware masa.

A ƙofar Inez aka sha daga. Ni dai na fito shayar da furen baranda ne, kunne kuma ba shi da murfi.

"'Yar nan, so kike ki karɓe ki kai wa 'yan cocinku, ko?"

"Misis Rudquist, ba karɓa na zo yi ba. Ɗauko tabaranki ki karanta min abin da ke jiki."

Inez ta karanta da ƙarfi: kada a sa ni a bincike. Sai ta ce ai ita tun farko ta sani, Orville ne ya ruɗa mutane. Ta tambaya ko za a yi mata alkawarin injin idan ta cire. Corliss ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, ƙuri'a ce. Inez ta ce da ƙuri'a ta girma, ta nemi almakashi.

Da bazara, ana tsakar abincin rana, Inez ta kife a kan faranti. Orville ne ya durƙusa da gwiwarsa ta ƙarfe yana danna mata ƙirji yadda Corliss ta koya mana a kan mutumin roba, yana cewa, "Tashi, tsohuwar banza, ban gama faɗa da ke ba." 'Yan motar asibiti suka zo, suka girgiza ta, suka sake, zuciya ta ƙi. Na ga ɗayarsu ta ɗaga hannun Inez ta duba. Babu munduwa. Ƙuri'a ta faɗa kan inji, suka fita da ita a guje.

Ba kowa ke dawowa ba, Corliss, kin fi kowa sani. Ke ce mai zama da iyali washegari, ki gaya musu an sa nasu a bincike, ko da ya riga ya tafi, ki saurari kuka da zagi ba ki duba agogo ba. Likitoci suna da sunansu a takardu, ke kuwa takalmanki ne suka ƙare.

Inez dai ta farka bayan 'yan kwanaki, da haƙarƙari a karye da hankali garau. Da aka ce mata Orville ne ya karya su, ta ce a gaya masa ya yi da gangan. Bara ta yi rawa a bikin jikarta, da sanda, har ta taka amarya.

Mun gode, Corliss, mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ku masu zuwa bayanta, ku yi wa tsofaffi bayani, sannan ku dawo ku tambaye mu me muka ji. Ku kuma masu karatu, ku je a koya muku danna ƙirji. Wanda zai faɗi a gabanku, wataƙila wanda ba kwa ga maciji da shi ne, kuma za ku so ya tashi.