Gadon da ya fi ƙofa faɗi

Na yi gado da hannuna a Kurudu, kuma ni na farfasa shi.

Lokacin da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dawo Abuja ne. Ina lebura a wurin wani ɗan kwangila mai sauke kayan ma'aikata. Tirela ta iso, mu hau, mu kwance igiya, mu sauke. Kayan manya a cikin akwatunan katako suke zuwa. A ɓalle akwati, a fitar da abin da ke ciki, a jefar da akwatin bayan katanga. Na ɗauki gadajen manyan nan a kaina, na san su. Sama ƙyalli, ciki dusar katako da aka matse da gam. Ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi a shayi. Akwatin da suke yarwa ya fi abin da ke cikinsa ƙwari. Matan ogogi na tsaye suna mana tsawa kada mu karce madubi, ba wadda ta kalli katakon.

Ni na kalla. In an tashi aiki sai in roƙi direba ya jefa mini falankai a bayan mota. Ɗakina ciki ɗaya ne na laka, a gidan wani dattijo ɗan asalin wurin, manomin doya. A tabarma nake kwana, ga baya ya fara ciwo. Na ari zarto, na sayi guduma. Ƙusoshi daga akwatunan na zare, na miƙar da su a kan dutse. A cikin ɗakin na yi aikin, ƙofa a rufe, don a waje duk ɗan zaman banza sai ya tsaya a kaina yana ba da shawara. Na auna da igiya daga bango zuwa bango. Na yi gado, na yi kabad na tufafi a wajen ƙafa, na yi ɗan gurbin rediyo a wajen kai. Na haɗe su duka da ƙusa suka zama abu ɗaya. Mutum uku su hau su yi tsalle, ba zai yi ƙara ba.

Waɗanda suka yi ta dariyar ƙarar gudumata su suka fara leƙowa. Wani yana son benci, wata tana son teburin tuya. A nan na fara tunanin barin dako. Na ga waɗanda suka girme ni a aikin: wuya ya shige kafaɗa, gwiwa ta tafi, ranar da suka kasa ɗaga firij ɗan kwangila ya daina ganinsu. Ba na so in ƙare haka.

Akwai wani kafinta a Karu, mutumin kudu, mai tumbi da fensir a bayan kunne. Shagonsa ne babba a wajen. Na je na ce ya zo ya ga aikina, in ya yi masa ya ɗauke ni. Ya zo ran Lahadi bayan coci, da takalmi mai ƙyalli. Ya danna gadon da gwiwa, ya ja kabad ɗin, ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

Ya ce, “Aboki, ina noti?”

Na ce, “Oga, ƙusa ce. Ta fi riƙo.”

“To yaya za ta fita?”

“Ina za shi?”

Ya yi dariya har fensir ya faɗi. Ya ce a garin nan ba mai daɗewa a ɗaki ɗaya, yau kana nan, gobe an ce ka tashi. Shi ya sa gadon Abuja da noti ake ɗaure shi, a kwance, a ɗora a mota. Ya ce, “Kai ka gina gida a cikin gida. Amma hannunka tana da kyau. Ka zo Litinin.”

Na tambayi aikin da zan fara. Shara, in ji shi. Sayo masa abinci, dafa gam, wanke masa babur. Zarto sai an shekara. In na gama shekarun koyo in yi liyafa, in durƙusa gaban jama'a ya sa mini albarka. Ina da gemu a lokacin, har da furfura a gefe. Na ɗauko masa fensirinsa daga ƙasa, na raka shi bakin hanya. Litinin na tafi dakona.

Damina ba ta ƙare ba dattijon ya same ni a ƙofa. Ƙananan ma'aikata sun cika cikin gari sun malalo har Kurudu, kowane manomi ya koma mai gidan haya.

Ya ce, “Ɗana, ɗakin nan wani tana so.”

Na ce, “Baba, ni fa?”

Ya kalli ƙasa. A bayansa ga wani akawu da lakataye a cikin zafin nan, yana leƙa ɗakina ta saman kafaɗarsa. Ya auna ƙofar da ido, ya auna gadon, ya yi murmushi. Ya ce kada in damu da wahalar fitar da shi, zai yi haƙuri ya riƙe. Haƙuri, in ji shi.

Na ce ya dawo da yamma. Na ɗauki guduma. Kabad ɗin na fara farfasawa, sannan gadon. Bai zo da sauƙi ba, na yi shi da kyau. Na zare ƙusoshina na zuba a gwangwani, falankan da suka tsira na ɗaure, sauran na ba mai ƙosai ta hura wuta. Akawun ya tarar da ɗaki fayau, har shara na yi masa.

Ban koma wurin ɗan kwangila ba, ban je Karu ba. Na bi mota da falankaina zuwa inda ba akawu.

Yanzu ina Uke, bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano. Benci nake yi, da teburin mai shayi, da gado in an nema. Ba wanda ya sa mini albarka, ba wanda ya taɓa tambaya. Bayana ya daina ciwo.