Wasiƙun ɗan fari da ban karanta ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa. Wannan kunya ce ta cuce mu.

Daga elemantare aka kai shi koyon aikin malamin asibiti. A takarda ba wanda ya kama ƙafarsa, amma bai yarda da hannunsa ba. Da ya zo hutu ya durƙusa a zaure ina tufkar igiya, ya ce, "Baba, in na riƙe allura hannuna rawa yake. Anya wannan aiki nawa ne?"

Na ce, "Allah shi kyauta." Ban ko ɗaga kai ba. Alhali a hutun nan ya wanke wa wata mata 'yar ƙauyen Farfaru gyambon da ya hana ta taka ƙasa, har ta warke. Ana cewa yabon gwani ya zama dole, ni kuwa na haɗiye nawa.

Ya aiko mini wasiƙu huɗu. Ban iya boko ba a lokacin, kuma na ji nauyin a gan ni wajen mai karanta wasiƙa a kasuwa ina ɗokin ɗan fari. Na ajiye su a akwati. Saura wata uku ya gama, ya bar makaranta, ya bi fataken gyaɗa zuwa Maraɗi. Can zazzaɓi ya kashe shi.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sannu a hankali na haɗa baƙaƙe, na ɗauko wasiƙun. Kowacce da tambaya ɗaya ta ƙare: "Baba, kana ganin zan iya?"

Yanzu nakan ga ɗalibai irinsa a ɗakin shan magani na Jibiya, suna satar kallon malaminsu kafin su taɓa majinyaci. Da yana raye, da ya san abin da zai faɗa musu. Na tambayi uban ɗayansu ko ya taɓa ƙarfafa masa gwiwa. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, in fasa masa kai?"

Me ya rage na yaron nan? Matar nan ta Farfaru tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Ni kuma na iya rubutu, na san amsar da zan ba shi, amma da-na-sani ƙeya ce. Ba motar da ke kai wasiƙa inda yake.