Hancin Armande

A ƙauyensu da ke kudu da garin Beaune, idan ana maganar taurin kai ba sai an kama suna ba, kowa ya san Armande Vauchey ake nufi. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda riƙon almakashin aske inabi, kuma tun tana yarinya ba ta iya yin shiru a inda ya kamata a yi shiru ba. Ta taɓa aure. Da mijin ya ce ta zaɓa, ko shi da zaman birni ko gonar ubanta, ita ta taya shi haɗa kaya, har da yi masa guzurin burodi da cuku.

Mahaifinta Anselme ne ya koya mata aikin giya, ko da yake bai taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda ake yi ba. Sai dai ya sauka da ita ɗakin ƙasa inda gangunan giya ke jere, ya zuƙo kaɗan ya zuba mata a kofi, in ta yi gaggawar kaiwa baki ya buge mata hannu ya ce hanci tukuna. Haka mutanen wurin suke gaba ɗayansu. Ko ruwan famfo ka miƙa wa ɗayansu a kofin gilashi, sai ya juya shi ya shinshina kafin ya tuna ruwa ne. Na Armande kuwa hanci ne da ya yi suna. Takan tsaya a bakin ɗakin ƙasa na maƙwabci ta ce gangar can ta ƙurya ta fara lalacewa, a duba a tarar haka ne. Ba a cika gode mata ba, don ba ta san yadda ake faɗin abu da laushi ba.

Da Anselme ya rasu, gonakin suka zama nata ita da ƙanenta Clovis, ba a raba ba. Clovis dogo ne mai son injuna, shi ke da aikin fili, ita ke da ɗakin ƙasa, kuma da ba don gonar tudu ba da sun zauna lafiya. Gonar tudu tana bayan coci, kakansu ne ya shuka inabin pinot da ke cikinta. Kututturan sun tsufa sun murɗe, layukan sun matsu har tarakta ba ta shiga, 'ya'yan da suke bayarwa kaɗan ne kuma ƙanana. Clovis ne ke shan wahalar nomanta da hannu, bayansa kuma ya fara ciwo. So yake a tuge su a shuka sababbi. Armande kuwa ta ce kai da fata ba za a taɓa su ba.

A shekarar rasuwar uban ta matse inabin gonar daban, ba ta haɗa shi da sauran ba, don ta nuna wa Clovis abin da tsofaffin itatuwan ke iya yi. Da farko giyar ta yi mata kara, ƙamshin 'ya'yan itacen ceri ya cika kofi. Ana zuba ta a kwalba sai ta rufe. Jar giyar pinot tana da wannan halin. Tana sabuwa ta yi ta fara'a, daga baya ta yi gum, babu ƙamshi, sai bauri mai kama dasashi. Wata takan buɗe bayan shekaru ta fi da kyau nesa ba kusa ba, wata kuma haka za ta mutu a rufe, kuma kafin lokacin babu mai iya rantsuwa. Duk shekara sai su buɗe kwalba guda, duk shekara sai Clovis ya yamutsa fuska.

"Yaya," in ji shi wata rana, kuma ba ya ce mata Yaya sai yana neman wani abu, "wannan ba giya ba ce, jiƙon ƙusa ne."

"Barci take."

"Barci? Har yaushe? Ko dai gawa kike gadi ba ki sani ba?"

"Kai ma sai da ka fara furfura kafin ka yi magana mai ma'ana. An tuge ka?"

Clovis bai yi dariya ba. Ya ce ya gaji, bayansa ma ya gaji. Ranar bikin Waliyyi Vincent, waliyyin manoman inabi, lokacin da kowane gida ke kawo kwalbarsa a ci abinci tare, ta kawo giyar gonar tudu. In har lokacin a rufe take, sanyi na wucewa zai sa a tuge. Armande ta miƙa masa hannu suka tafa, ko ɗar ba ta ji ba. Ta san gonarta, ta kuma san hancinta zai gaya mata gaskiya tun kafin ranar.

Bayan an gama tsinkar inabi wata muguwar mura ta kwantar da ita. Ta warke, ta miƙe, ta koma aiki, amma hancin bai dawo tare da ita ba. Ta fara gane haka ne ranar da albasa ta ƙone a kasko tana tsaye kusa da shi, sai da ta ga hayaƙi. Ta sauka ɗakin ƙasa ta cusa hanci a bakin ganga, ba ta ji komai ba. Nan ta zauna a kan matakala ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'izar ubanta. Tsoro ta ji, na gaske. Mai haɗa giya da ba ta da hanci, a ƙauyen da zance ba ya kwana, ai an gama da ita, an kuma gama da gonar tudu. Ta share fuska ta hau sama, ba ta gaya wa kowa ba.

Sai dai Armande ba mai zama ta rafka tagumi ba ce. Ido na nan, harshe ma bai mutu duka ba, yana jin tsami yana jin bauri. Ana gab da biki ta buɗe kwalba guda ita kaɗai, ta ɗaga kofin saitin taga. Jan ya yi haske, gefensa ya fara komawa launin ɓawon albasa. Ta kurɓa ta riƙe a baki. Baurin nan mai cizo ya kwanta, ya yi laushi, tsamin kuma yana nan tsaye da ƙarfinsa, alamar giyar tana da sauran rai. Ko ƙamshin ya farka ko bai farka ba, wannan ba ta da hanyar sani. Ta mai da toshiya ta ce wa kwalbar, "Kada ki ba ni kunya."

Ranar biki sanyi har cikin ƙashi. Aka fito daga coci aka cika zauren ƙauye da rana tsaka, ga ƙwai da aka dafa cikin jar giya, ga naman sa da ya sha wuta tun jiya. Kwalabe na yawo hannu zuwa hannu, kowa na kushe na maƙwabcinsa yana miƙa kofi a ƙara masa. Da aka zo kanta, Armande ta miƙe ta bi tebur tana zubawa, kai a sama, har da zolayar tsoho Léonce mai gyaran ganguna cewa ya riƙe kofin da hannu biyu. Ta koma kujerarta. Kowa ya juya kofinsa ya sunkuyar da hanci ciki. Ita kuwa, wata da watanni ta saba dogara da harshe ita kaɗai a ɗakin ƙasa, sai ta ɗauki kofin ta kai baki kai tsaye.

Babu wanda ya gani, don kowa hancinsa na cikin kofi. Clovis kaɗai, wanda ita yake kallo tun ɗazu.

Aka fara musu. Wani ya ce har yanzu tana cizo, wani ya ce ƙarya ne, bakinsa ne ya lalace da cuku. Léonce ya buga tebur ya ce, "Ku yi mana shiru! Ga mai hanci a zaune. Armande, 'yar nan, gaya mana me kika ji a ciki."

Ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

"A'a, Baba Léonce," in ji Clovis, "in ta fara sai abinci ya huce. Yau ni ne alƙali, ni zan yi magana."

Ya kai hanci ya daɗe. Da ya ɗago, bai dubi jama'a ba, ita ya duba, ya riƙa faɗa a hankali kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. "Ceri na nan, amma ba ɗanye ba, irin wanda aka dafa. Bayansa akwai busasshen furen wardi. In aka ɗan jira sai ƙamshin daji ya taso, jiƙaƙƙen ganye da naman kaza, kamar bayan ruwan sama. Can ƙarshe kanumfari, kaɗan." Ya kurɓa, ya ajiye kofin. "Ba ta gama tashi ba. Ido ɗaya ta buɗe. Wanda ya sha ta nan da wasu shekaru zai zage mu da muka taɓa ta yau. Gonar tudu tana nan."

Aka yi shewa aka ci gaba da ci. Armande ba ta yi wa kowa gori ba, abin da ba a taɓa gani ba, har wasu suka ɗauka girman kai ne. Daɗi ne ya cika ta, da kunya, don ta gane ba jama'ar zauren ba ne Clovis ya yi wa bayanin, ita ya yi wa.

Da aka tashi ta same shi a waje yana ɗaura mayafin wuya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da kika kai kofi baki ba ki shinshina ba, kamar 'yar Paris."

"In hancin bai dawo ba fa?"

"Sai ki ari nawa. Dogo ne, ya ishe mu mu biyu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Bayan nan naka mai ciwo kuma ya huta, ni zan yi noman gonar tudu bana. Gobe da safe ka same ni a ɗakin ƙasa, akwai gangunan da ban san halin da suke ciki ba tun kaka. Kuma kada ka kuskura ka sha taba kafin ka zo."