Hajiya Zuwaira, Mai Zama da Yaran da Suka Daina Magana

Kowace safiya Hajiya Zuwaira Lukuman takan fito daga gidanta a unguwar Damba da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata da curin yumɓu a leda. Wata rana tana Gusau, a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti. Wata rana kuma ta hau motar haya zuwa Tsafe ko Bungudu, inda mutanen ƙauye suka tare a kangwaye da azuzuwan makaranta bayan 'yan bindiga sun tashe su. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta, amma a can ba wanda ya san wannan. Likitar da ba ta allura suke ce mata.

Bara'atu, wata mata daga wani ƙauye kusa da Bilbis, ita ta ba ni labarin ɗiyarta Muzdalifa. An harbe mahaifin yarinyar a gona, tana tsaye da ƙwaryar furarsa a hannu. Daga ranar ba ta sake magana ba. An ba ta rubutu ta sha, an yi mata hayaƙi, wasu suka ce iska ce.

"Ranar da Hajiya ta zo," in ji Bara'atu, "na ce, Likita, ki ba ta magani bakinta ya buɗe. Sai ta ce, 'Ƙanwata, ba bakinta ke ciwo ba. Ke kin ci abinci yau?' Wallahi sai na fashe da kuka. Tun da muka gudo ba wanda ya tambaye ni."

Hajiya ba ta matsa wa yarinyar ba. Takan shimfiɗa tabarma kusa da ita, ta yi ta murza yumɓu, ba tambaya. Aka daɗe a haka kafin Muzdalifa ta miƙa hannu. Ta gina shanu, ta gina rumbu, daga baya ta gina mutum a kwance. Wata rana tana kallonsa sai ta ce, "Bai sha furar ba."

Ashe ranar ta tsaya wasa a hanya, kuma ta ɗauka jiranta ne ya tsayar da shi a gonar har suka same shi. Hajiya ta riƙe hannunta ta ce, "Ba ke kika kashe Baba ba. Masu bindiga ne." Ta yi ta maimaita mata wannan, zuwa bayan zuwa, har yarinyar ta fara cin abinci da kyau, ta fara shiga cikin yara.

Da a nan labarin ya tsaya, da na yi murna.

Damina ta faɗi, hatsin taimako ya ƙare. Bara'atu ta ce za su koma gida su yi shuka. Hajiya ta roƙe ta ta dakata.

"Mi za mu ci nan, Hajiya? Maganarki na sanyaya rai, amma ba ta shiga tukunya."

Hajiya ta bi ofisoshi, aka yi ta ce mata ta dawo gobe. Ta ɗebo gero daga nata gidan, bai kai ko'ina ba. Suka koma. Kafin girbi 'yan bindiga suka sake afka wa ƙauyen, suka kora mata da yara daji. Bara'atu ta tsira, ta sake gudowa. Muzdalifa na cikin waɗanda aka tafi da su, kuma har yau ba labari.

Na tambayi Hajiya yadda ta ji.

"Malam, ina lallaɓa yaro har ya miƙe, sai yunwa ta mayar da shi inda aka karya shi. Ba Muzdalifa kaɗai ba. A garin Furfuri ma haka aka yi."

"To me ya hana ki zama a gida?"

"In na zauna, wa zai zauna da uwar?"

Hajiya, ke ce kika saurari abin da mu muka toshe kunne kada mu ji. Ke ce kika bi hanyoyin da direbobi ke bi suna salati. Ba ki hana harbi ba, ba ki kori yunwa ba, kuma ba ki taɓa yi wa uwa ƙaryar cewa komai zai gyaru ba. Uwar marayu, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sanyaya miki zuciya, don mun san ita ma ta gaji.

A ƙarshen watan nan Hajiya za ta ajiye aiki. Gwiwoyinta sun daina jure hawa mota, kuma ba a turo kowa a madadinta ba. Ku 'ya'yanmu da kuka yi irin karatunta, da ku maƙwabta da ke wuce kangwayen nan kullum, ku shiga ku zauna da waɗanda ke ciki ko kaɗan.

Da zan tafi, Bara'atu ta biyo ni har bakin hanya ta ce, "Malam, in an sako ɗiyata, wurin wa zan kai ta?"

Na ce mata zan tambaya. To, ga shi na tambaya.